Turmin da Iya Ta Daka Ranar Lahadi

Yau Lahadi ta shida ke nan ban taka ƙofar majami'a ba. Tun farkon markar nan santsi ya kwashe ni a bakin rijiya, ƙuguna ya tsage, maɗori ya zo ya ɗaure ni tamau kamar damin dawa, ya ce kada in kuskura in motsa sai ya ba da izini. Ga ni nan kwance a gidan 'yata Talatu a Rano, a ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabciyarmu Hajiya Binta. Sauran kwanakin mako ina jurewa. Lahadi ce take ci mini rai.

Tun da sassafe gidan yake kacamewa. Wannan na neman takalmi, wancan na guga, Talatu na faɗa a kan an ɓata mata lokaci. Can sai ta leƙo da ɗaurin ɗankwalinta, ta ajiye mini waya kusa da matashi ta ce, "Mama, ga wa'azi nan na kunna miki, har da waƙoƙi." Sai a ja ƙofa, gidan ya yi tsit. Mutumin cikin wayar yana ta ƙoƙarinsa, ba na raina masa, amma bai san ni ba, kuma in na ce amin ba ya ji. Nakan kife wayar. Ni da na yi shekara da shekaru ina buga tulun kiɗa a zumuntar mata har tafin hannuna ya yi kanta, yau ko juyawa ba na iyawa sai an juya ni. Allah bai yi ni da haƙurin zama ba, balle na kwanciya. In ƙirga ɗigon ruwa a kwano, in ɓata, in sake. In fara addu'a, kafin in kai tsakiya hankalina ya tafi kan ko an rufe kajin nan.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ke shigowa ta taga shi yake mayar da ni wata marka, lokacin Talatun nan tana goye a bayana ko haƙori ba ta yi ba.

A wata 'yar unguwa muke a lokacin, can cikin gonaki tsakanin Rano da Kibiya. Gidanmu kaɗai ne na masu bi a wannan hayin. Sauran maƙwabta gida biyu ne na Musulmi manoma, sai rugar wani Bafulatani da ake kira Ja'e. Majami'armu, ɗaki ne na ƙasa mai jinka, tana ɗaya hayin, bayan rafi da wata fadama mai faɗi. Da rani rafin yashi ne zalla, ko ƙafa ba ta jiƙewa. Da damina ma akan tattare zani a wuce. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana Nomau, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Iya.

Maigidana shi ne mai buga ƙarfe. Ba mu da ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a reshen ɗorawa a ƙofar majami'a. Kowace Lahadi yakan riga mu fita, ya haye, ya buga don a san lokacin sujada ya yi. Yana da nasa bugun da ba ya canzawa: sau uku, ya ɗan tsaya, sannan sau biyu. Ko ina tsakiyar wanka in na ji, na san hannunsa ne, na kuma san na makara.

Shekarar nan ruwa ya yi mana wasa. Aka yi shuka ta farko, rana ta ƙone ta. Aka yi ta biyu, ta tsiro kamar kirki, ita ma ta bi sawun 'yar'uwarta. Sai a ta uku ta kama, kuma duk irin nan daga rumbu yake fita. Kafin a gama maimai, in na shiga rumbu sai in ji ƙafata a kan daɓe. Gero ko bununi bai fara ba. Daga nan kuma sama ta buɗe kamar mai rama bashin fushi. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Itace ya jiƙe, in ka hura wuta sai hayaƙi da hawaye. Tufafi suka yi warin ruma, gishiri ya narke a cikin ƙoƙo, danga ta kwanta.

Akwai rumbun ikilisiya a can hayin. Da kaka kowane magidanci yakan kai dami ɗaya cikin goma, in marka ta matsa a buɗe a raba wa waɗanda abin ya fi ci. Ranar wata Juma'a da hantsi maigidana ya ɗauki buhu ya sa malafarsa ya ce zai je ya karɓo namu. Na ce masa ruwan ya ƙaru tun jiya, ya bari. Ya ce in ya bari me za mu ci jibi? Iya tana zaune tana tsinkar rama, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bai fi rabin sa'a da fita ba muka ji rugugi daga gabas, ba na tsawa ba. Ruwan da aka yi a can saman rafi ne ya sauko gaba ɗaya. Na ruga da goyo har inda ƙafa ke iya zuwa. Babu rafi, babu fadama, sai jan ruwa yana tafe da itatuwa da karan gonakin mutane. Ɗorawar majami'a kanta sai can nesa nake hango kanta. Na yi ta kira, ni kaina ba na jin muryata. Ya haye kafin ruwan ya iso, ko yana tsakiya ya same shi? Abin da ban sani ba ke nan, kuma babu mai gaya mini.

Na ce wa zuciyata, bari Lahadi ta zo. In yana raye zai buga ƙarfe.

Asabar ta yi mini tsawon shekara. Na share tsakar gida sau uku alhali taɓo ne. Ranar Lahadi tun kafin gari ya gama wayewa ina tsaye a bayan gida, na karkata kunne. Ruwa ya ɗan tsagaita. Can sai ga ƙarar ƙarfe ta ratso. Gaggaf-gaggaf, babu tsari, babu tsayawa, kamar mai korar tsuntsaye a gona. Ba hannunsa ba ne. Na zauna a cikin taɓon nan.

Iya ta fito ta dube ni ta ce, "Tashi, yarinyar nan. An buga ƙarfe, lokacin sujada ya yi."

Na ce, "Iya, ta ina za mu bi?"

Ta ce, "Ta ƙofar ɗaki."

Ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta, a gefen da ba ya yoyo. Ta buɗe kwalla ta ciro Littafin da maigidana ke karanta mana, naɗe cikin tsumma, ta ɗora a kan kujerar tsuguno. Daga ni har ita babu wadda ta san baƙi. Muka zauna muna kallonsa. Sai ta ce to, tunda ba mai karatu, kowa ya kawo abin da kunnensa ya riƙe. Ta ɗauko labarin Nuhu, ta ba da shi yadda ta ga dama. A nata labarin har da zabi a jirgin, sun hana kowa barci, matar Nuhu kuma tana ta mitar itace ya jiƙe. Na ce, "Iya, mai bishara bai faɗi haka ba." Ta ce, "Shi yana wurin? Ko ke kina wurin?" Da wata rana ce da na yi dariya.

Da aka zo waƙa, muryarmu biyu ta fito siririya, abin tausayi. Na saba in na ɗaga waƙa mata ashirin su amshe, tuluna su ɗauka, ƙasa ta riƙa motsi. A wurina sujada kamar noman gayya take, ko ka gaji na kusa da kai yana ja da kai har ka kai ƙarshen kunya. Yanzu ga ni ni kaɗai da tsohuwa mai karkarwar murya. Da na rufe ido zan yi addu'a, sai na ji kamar maganata ba ta wuce jinka. A raina Allah yana can hayi inda jama'a suke, inda mai bishara yake, mu kuwa ruwa ya raba mu da Shi kamar yadda ya raba mu da hatsi. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau.

Makon da ya biyo baya yunwa ta shigo sosai. Da safe in fita da ƙwarya in yagi tafasa da rama a bakin gona. A dafa, a matse, a barbaɗa 'yar dusar da ta rage da ɗan gishiri. Da rana haka, da yamma haka. Tafasa in ta yi kwana uku a cikin mutum, ko warinta ya ji sai zuciyarsa ta tashi. In na sunkuya zan ɗebi ruwa sai in ga duhu-duhu. Nonona ya ja baya, Talatu ta kama ta saki ta yi ta tsala kuka har muryarta ta dushe. Matar Ja'e, Allah ya saka mata, takan aiko da ɗan nono a ƙoƙo, ko da yake su ma shanunsu sun rame da tsayuwa cikin taɓo. Iya takan tura mini nata kason ta ce ta riga ta ci. Ina karɓa in cinye, ban tsaya tambayar yaushe ta ci ba. Har yau in na tuna ina jin kunya.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Sau biyar, sau shida a yini ina zuwa bakin ruwa. Na kafa kara don in ga ko ya ragu, in dawo in tarar ruwa ya tafi da karan. Mazan unguwa suka ce ko 'yan fito masu gora ba za su shiga wannan ruwan ba.

Ranar Laraba Ja'e ya yi sallama a ƙofar gida. Yana riƙe da wani abu a bayansa. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi ruwa, ya tambayi yarinya, ya sake tambayar ruwa. Sannan ya miƙo malafa, ta jiƙe ta yi laushi, da jar igiyar da ni na ɗinka mata. Ya ce, "A jikin wata ƙaya na gan ta, can ƙasa inda nake kai shanu. Iya, malafa ce kawai na gani. Ban ga komai ba bayan ita. Iska ma tana cire malafa."

Iya ta karɓa ta ce, "Mun gode, Ja'e. A gai da mutan ruga." Ta shiga ta rataye ta a ƙusar da yake rataye ta kullum. Ta fito ta ci gaba da tsinkar rama.

Nan fa na fashe. Na ce, "Iya, ɗanki ne fa! Ɗanki! Ko hawaye ɗaya?"

Ta ce, "Je ki duba tukunya, tana ƙonewa."

Maigidana ɗan farinta ne. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna sun damu da shi, ko ciwo yake sai dai wata ta yi jinya. Tunda na zo gidan ban taɓa jin ta ce Nomau ba, sai dai "mutumin naki" ko "wancan". Na san al'adar sarai, amma a ranar ban ga al'ada ba, na ga mace mai zuciyar dutse. Kwana uku ban yi mata magana ba sai gaisuwa. Ni kam ban gaji wannan kunyar ba, Talatu 'yar farina ce kuma gatsal nake kiran sunanta.

Lahadi ta biyu ta zo da wata 'yar rana mai rauni, ta farko cikin kwanaki. Iska tana busowa daga wajenmu zuwa hayi. Ban fita bayan gida ba, ina ɗaki a kwance da yarinya a ƙirji. Aka buga ƙarfe. Hannun nan ne dai na makon jiya. Na ja zani na rufe kaina.

Sai na ji ana jan abu mai nauyi a tsakar gida. Na leƙa. Iya ce take mirgino babban turmi, ita kaɗai, tana haki. Ta tsayar da shi a tsakiyar gida, ta ɗauko taɓarya.

Abu biyu ne a nan, kowanne ya isa ya sa in riƙe baki. Na farko, a gidan masu bi ba a daka ranar Lahadi, tun Asabar ake gama komai, kuma Iya ce ta fi kowa tsanani a kan haka. Na biyu, babu ko ƙwaya a turmin. A wajenmu ba a dakan turmi wayam, tun muna yara ake kwaɓarmu, a ce yunwa ake kira.

Na ce, "Iya, yau Lahadi. Kuma ba komai a ciki."

Ta ce, "Yunwar da za a kira tana ina? Ba ga ta nan zaune da mu ba?" Ta gyara ɗaurin zaninta. "Su suna da ƙarfe, mu muna da turmi. Sun buga, mu amsa. Wanda ake yi domin Shi ba a hayi ɗaya yake zaune ba."

Ta ɗaga taɓarya. Tsohuwar da ta kwana nawa ba ta ci abin kirki ba. Ta sauke sau uku. Ta tsaya. Ta sauke sau biyu.

Bugunsa ne. Ashe duk shekarun nan tana saurare, ta san hannun ɗanta kamar yadda na san shi. Ta sake, uku, ta tsaya, biyu. Fuskarta ba ta canza ba. Bakinta bai iya kiran sunansa ba, sai ta kira shi da taɓarya.

Ban san lokacin da na ɗauko ɗaya taɓaryar ba. Na tsaya gabanta da goyo, muka shiga lugude, tana saukewa ina ɗagawa. Turmin da babu komai ƙararsa daban ce, tana fita fayau, tana dukan ƙirji. Iya ta ɗaga waƙar da muke buɗe sujada da ita, na amsa. Wannan karon muryarmu ba ta ba ni tausayi ba, turmin ya riƙe ta kamar yadda tulu ke yi. Ina kuka ina waƙa. Kuma a nan, kafin in san komai game da maigidana, wani abu da ya tokare mini ƙirji kwana tara ya sauka. Na ji a jikina cewa a daidai wannan lokacin su ma can suna tsaye suna waƙa, mu ma muna ciki, ruwa bai fitar da mu daga sujadar ba. Na ce a raina, Yesu, ko yana raye ko ba ya raye, Kana nan gidan. Ban taɓa yin addu'ar da ta fi wannan gajarta ba, ban kuma taɓa yin wadda na tabbata an ji kamarta ba.

Hannun Iya ya gaza, muka tsaya. Gidan ya yi shiru sai hakinmu da rurin ruwa daga nesa.

Sai ƙarfe ya yi magana. A hankali, da rauni, kamar mai bugun ba shi da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. Shiru. Na ƙanƙame taɓarya. Sannan biyu.

Na kurma ihu har matan maƙwabta suka fito. Iya kuwa ta jingine taɓarya a jikin bango, ta ce, "To. Sai a rufe da addu'a."

Ranar Talata ruwa ya ɗan ja, wasu samari biyu daga ikilisiya suka hayo a kan gora, kowanne da ƙullin dawa ɗaure a ka. Su suka ba mu labari. Ruwan ya same shi ya kusa gaɓa, wani kututture ya karya masa hannun dama, aka tsamo shi can ƙasa. Yana ɗakin mai bishara, zazzaɓi ya rufe shi, Lahadi ta farko bai ma san inda yake ba. Ba wanda ya yi tunanin akwai masu sauraron hannun mai bugu. A ta biyu yana kwance sai iska ta kawo ƙarar lugudenmu. Ya tashi zaune ya ce, "Turmin gidanmu ne." Ya sake saurare ya ce, "Kuma babu komai a cikinsa." Ya fita yana tangaɗi, ya karɓi sandar ƙarfen da hagu. Jama'a duk manoma ne da matan manoma, kowa ya ji abin da ya ji. Mu muna amsa sujada, su suka ji yunwa. A ranar aka buɗe rumbu aka ware namu, har da na maƙwabtanmu da na rugar Ja'e.

Bayan mako guda ya dawo da hannu a rataye. Na zuba ido in ga abin da Iya za ta yi. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kalli gefe ta ce, "An dawo? Malafar tana inda take." Da za ta miƙe na riƙe hannunta, sai na ga tafinta duk ya ɗaye, bororon da taɓarya ta yi mata ya fashe ya bushe. Ta fizge ta ɓoye cikin zani.

Yanzu an yi gada a wurin, babura na wucewa ko ana tsakiyar marka. Hatsi inji ake kai shi, yaran gidan nan ba su san lugude ba. Iya ta daɗe da tafiya. Maigidana ma ya bi ta shekaru huɗu da suka wuce, kuma har ya bar duniya da hagu yake buga ƙarfe, ya ce hannun ya saba.

Yau da safe da Talatu ta zo ajiye mini waya, na ce ta bar ta, ta kawo mini ƙaramin turmin da take dakan yaji. Ta ce, "Mama, me za ki daka a kwance?" Na ce ta kawo dai. Ta ajiye a gefen gado tana kallona kamar ciwon ya hau kai, suka fita.

Na jira har na daidaici sun tsaya waƙar farko. Na miƙa hannu na kama 'yar taɓaryar. Uku, na tsaya, biyu. Ƙuguna ya amsa, ban kula ba. Na ɗaga waƙar Iya da wannan muryar tawa da ta koma irin tata. Ban tsammaci ƙarfe ba, na san mai bugunsa ya haye inda ba a dawowa. Amma kajin ba su zo mini a rai ba ko sau ɗaya, na kai ƙarshen addu'ata.

Ina ajiye taɓarya na ji sallama. Hajiya Binta ce, da mayafi a karkace da kwanon sha a rufe, tana haki don ita ma ƙafafun sai a hankali.

Ta ce, "Maman Talatu, me kike dakawa haka?"

Na ce, "Ba komai, Hajiya."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon, ta buɗe kwanon, tururin kunu ya tashi. Ta ce, "Ai na ji. Shi ya sa na zo."